Rantsuwa Uku ta Ɓeran Rami

"Ku matso kusa, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

An yi wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, mai kunya uku ta dankali a bakin fadama. Da su take ciyar da jikokinta. A ƙarƙashin gonar kuwa akwai wani ɓeran rami, sunansa Tonau. A lokacin idanunsa dara-dara ne, kunnuwansa fato-fato.

Tonau ba ya taɓa ganye. Ta ƙasa yake bi, ya cinye dankalin, ya bar ganye kore shar.

Ran nan Gwaggo ta tona kunyar farko, ta ga wayam. Ta ce, "Tonau, kai ne maƙwabcina. Me ka gani?"

Ya leƙo ya ce, "Ni, Gwaggo? In na taɓa ganin dankalinki, idona ya tsuke!"

Nan take idanu suka koma kamar ƙwayar gero. Ya ce, "Ƙasa ce ta faɗa mini a ido."

Kashegari ta tona ta biyu, wayam. Ta ce, "Tonau, ko motsi ba ka ji ba?"

"Ni, Gwaggo? In na taɓa jin ana taunar dankalinki, kunnena ya shige!"

Zuruf, kunnuwa suka shige cikin gashi. Ya ce, "Sanyi suke ji."

Saura kunya ɗaya, ga jikoki na kukan yunwa. Gwaggo ta zauna a bakin ramin, ta yi tagumi, ta ce, "Ɓarawon nan dai wawa ne. Ya cinye jan dankali marar daɗi, ya bar mini fari."

Tonau ya yi wuf ya fito. "Haba Gwaggo, ai jan ya fi zaƙi nesa!"

"Ashe ka ɗanɗana?"

"Ni, Gwaggo? In na taɓa ci, haƙorana su fito waje!"

Sai ga haƙora zaƙo-zaƙo, leɓe ya kasa rufe su, ga ɓawon dankali maƙale a tsakani. Gwaggo ta ɗaga fartanya, Tonau ya yi ƙasa. A ranar ta tone kunyarta ta uku tas, jikoki suka ci har suka bari.

Shi kuwa har yau bai ƙara fitowa ba. In kun ga tulin ƙasa a gona da safe, shi ne ya turo, yana sansana ko Gwaggo ta tafi.

Kun ji, mai rantsuwa kan ƙarya, fuskarsa ce ke fara tona shi.

Ƙurunƙus kan Tonau. Wanda kuma ya cinye mini gyaɗar da ke ƙwarya, ya buɗe baki mu gani.