Littafin da Babu Sunan Saffana

Akwai wata Baturiyar Ingila mai suna Hilda Ashcombe, wadda sana'arta rubuta littattafan labarai na yara. A Zariya aka haife ta, lokacin da mahaifinta yake koyarwa a can. Ta bar ƙasar tana shekara goma sha ɗaya, amma Hausa ba ta bar bakinta ba.

Littattafai tara ta rubuta, yaran Ingila suka yi ta rububinsu. Daga nan sai basira ta ƙafe. Shekara shida tana zama gaban takarda, ba ta iya haɗa labari ko ɗaya.

A shekarar 1997 ta je Guangzhou, don a can ake sake buga tsofaffin littattafanta. Wata rana ta shiga kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, sai ta ji wata mata tana ciniki da mai shago, tana mita da Hausa, tana kwaikwayon yadda yake cewa "babu" da yarensa: "Kullum meiyo, kullum babu. To me kuke da shi?"

Hilda ta yi dariya ta ce, "Sannu da ciniki, Hajiya."

Matar ta juyo, ta daɗe tana kallonta. Sunanta Zeinabou, 'yar Maraɗi ce, takalman yara take saye tana kaiwa gida. Tun daga ranar suka ƙulla ƙawance. Sati uku suna cin abincin rana tare a wani ɗan gidan abinci a unguwar Dengfeng.

A nan ne Zeinabou ta faɗa mata abin da ba ta cika faɗa wa kowa ba. Tana da 'ya ɗaya tak, Saffana, wadda ta rasu tana shekara bakwai. Wata huɗu yarinyar ta yi tana jinya, uwar kuma ta riƙa ƙirƙiro mata labari kullum don ta yarda ta sha magani: labarin wata yarinya mai suna Saffana da gurgun raƙuminta, da suka tafi neman inda ruwan sama yake kwana.

Hilda ta roƙe ta ta ba ta labarin. Zeinabou ta yi ta bayarwa kashi-kashi, wani lokaci tana dariya, wani lokaci tana share hawaye da gefen mayafi, Hilda kuwa tana rubutawa.

Da Hilda ta ce za ta mai da shi littafi, Zeinabou ta ce ba ta neman komai sai abu ɗaya: kada a canza sunan yarinyar.

Hilda ta riƙe hannunta ta ce, "Na yi miki alkawari. Sunanta zai shiga ciki, naki kuma kusa da nawa a bango."

Ba su kai ƙarshen labarin ba kayan Zeinabou suka kammala, ta koma gida.

Littafin ya fito, ya kuma karɓu fiye da duk waɗanda Hilda ta taɓa rubutawa. Aka ba ta lambar yabo. Masu buga littafin suka matsa mata ta kawo na biyu, don yara suna son jin ko an sami ruwan.

A 1999 ta koma Guangzhou, don ta ji Zeinabou ta sake zuwa sarin kaya. Kwana biyar tana tambaya a unguwar Sanyuanli kafin ta sami masaukin Zeinabou. Suka rungumi juna, suka koma gidan abincinsu, Hilda ta miƙa mata littafin.

Zeinabou ba ta jin Ingilishi, amma ta san yadda ake rubuta sunan 'yarta. Ta buɗe shafi bayan shafi tana bi da yatsa. Ga raƙumin an zana shi da kyau. Sunan ne dai ba ta gani ba.

Ta kira Maidaji, wani Bakano mai aika kaya da ke cin abinci a teburin gefe, ta ce ya duba mata. Ya duba, ya ce yarinyar cikin littafin Sofi ake kiranta, suna ɗaya ne kuma a bango. Sannan ya karanta abin da ke shafin ƙarshe: marubuciyar ta ce labarin ya zo mata ne a mafarki.

Hilda ta fara bayani. Ta ce masu bugawa ne suka ce sunan zai yi wa yaransu wuyar faɗa, kuma suna biyu a bango ba ya jawo masu saye. Ta ce za a gyara a na biyu, in Zeinabou ta ƙarasa mata labarin.

Zeinabou ta rufe littafin, ta tura mata shi.

"Ashe labarin ne ya kawo ki," in ji ta. "Ni na ɗauka ni kika zo gani. Madam, ƙasa ta rufe min yarinyar nan sau ɗaya, na haƙura don hukuncin Allah ne. Ke kuma kin sake rufe ta da hannunki. Sauran labarin ki jira shi a mafarki."

Ta ɗauki jakarta ta fita, abincinta ko taɓawa ba ta yi ba.

Hilda ta koma Ingila ta rubuta na biyun da kanta. Yara suka ce wannan ba raƙuminsu ba ne, littafin ya yi kwantai. Ba ta ƙara fitar da wani ba. Wasiƙa huɗu ta aika Maraɗi tana neman gafara, ba ta sami amsar ko ɗaya ba.

Zeinabou kuwa ba ta ƙara ba wani baƙo labarin ba. Yaran da iyayensu ke kawowa shagonta na Maraɗi gwajin takalmi su take ba, tun daga farko har inda aka sami ruwan. Duk yaron da ya tambayi sunan mai raƙumin, sai ta faɗa masa a hankali, ta sa ya maimaita.

Darasi: Wanda ya buɗe maka cikinsa amana ya ba ka, ba kayan sayarwa ba. In ka ci amanar don suna ko yabo, za ka iya samun su, amma ƙofar da ka rufe ba lallai ta sake buɗuwa ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai riƙe da haƙƙin wani da zai karanta ya mayar.