Ranar da Aka Tsamo Inna Kande

To, jama'a, ku gyara zama, mai goro ya ajiye goronsa. Labarin nan ni zan kai shi ƙarshe, amma hukuncinsa naku ne.

A wani gari na bakin kogi da ake kira Tungar Kalla akwai wani dattijo, Baba Shekarau. Masunci ne tun tasowarsa, har ciwon gwiwa ya raba shi da sana'ar su. Wata shekara jirgin fito ya kife a gaban idonsa, mutum goma sha ɗaya suka tafi, jama'a na tsaye a gaɓa ba abin da suke iya yi sai salati. Bayan sadakar bakwai ya tara matasan gari, ya ce musu shi dai ba zai sake tsayawa yana kallo ba, wanda zai bi shi ya biyo. Mutum goma sha biyu suka bi shi. Haka aka kafa ƙungiyar agaji ta garin, ba albashi, ba ko lemo, sai godiya idan an tuna.

Ofishinsu wani tsohon shagon bandar kifi ne a bakin fito, wanda har yau ƙarnin bai gama fita ba. Kullum da hantsi a share, a shanya rigunan ruwa masu hana nutsewa, a warware igiyoyi a duba inda ya ci, a leƙa sandar da aka kafa a gaɓa a ga inda ruwa ya kwana. Idan damina ta gabato, su bi unguwa-unguwa da lasifika, su yashe magudanai, su roƙi masu fito su rage lodi. Wasu su ji, wasu su ce 'yan agaji sun rasa aikin yi.

A cikin goma sha biyun nan akwai uku da Baba Shekarau yake ji da su, ko da yake bai taɓa faɗa musu ba.

Na farko Mudi, bakaniken babur. Shi ke kula da injin jirgin ƙungiyar, wani tsohon inji da ya girmi wasu daga cikinsu. Kullum bayan asuba sai ya tayar da shi, ya kasa kunne kamar likita, ya kashe. Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun gaji. Ga shi da mita: idan ka ɗauki sifana ba ka mayar inda ka gan ta ba, ranar ka shiga uku. Akwai wata 'yar ƙusa da ke riƙe farfelar inji. Mudi ya yanka irinta guda shida, ya ɗinke su a jakar fata ya rataya a wuya. Abokai suna tsokanarsa wai layar me ce wannan.

Na biyu Haladu, ɗan masunta. Ba ya son zama a ofis, shara kuwa sai Baba ya yi da gaske. Amma kowace Juma'a da safe sai ya je inda kogi ya fi zurfi, ya nutse, ya ɗebo yashin ƙasa a hannu ya nuna, ya sake komawa. Ya san kowane rami da kowane kututture da ke ƙarƙashin ruwan nan.

Ta uku Uwani, tela, matar aure mai 'ya'ya uku. Ita ce ta je birni ta yi mako biyu tana koyon taimakon gaggawa. Da ta dawo sai ta cika buhu da ƙaiƙayi, ta sa masa riga, kullum da la'asar ta durƙusa tana danna masa ƙirji tana ƙirgawa, ta kuma tilasta wa kowa ya yi. Matan gari suka riƙa cewa Uwani na jinyar buhu.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce a tsibirin da ke tsallake. Bayan azahar Baba ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, tsuntsaye sun yi shiru. Ya aika a gaya wa masu fito kada wanda ya taso. Saƙon ya isa, amma jirgin wani mai fito, Ɗantani, ya riga ya baro tsibiri da mutum goma sha huɗu, da buhunan albasa, da babur a ɗaure a tsakiya. Suna tsakiyar kogi iska ta sauko, ruwa ya kece. Baba na tsaye a ƙofar ofis ya ga jirgin ya karkata, ya miƙe, ya sake karkata, sai ga bayansa a sama.

Ja ɗaya Mudi ya yi wa igiyar inji, inji ya amsa. Haladu da Uwani suka faɗa cikin jirgin ƙungiya da riguna da igiya. Baba ma ya shiga, ya zauna yana kwashe ruwa da kwano, don abin da gwiwoyinsa suka bar masa ke nan.

Sun ci rabin tafiya sai wani gungume da ruwa ya kwaso ya daki farfela. Inji na ihu, jirgi ba ya gaba, igiyar ruwa ta fara juya su. Mudi ya gane ƙusar farfela ce ta karye. Ya kashe inji, ya ɗaga shi, ya ce wa Haladu ya riƙe masa ƙafafu, ya miƙa rabin jikinsa a kan ruwa. Ƙusa ta farko ta suɓuce ta faɗa kogi. Ya zaro ta biyu daga jakar wuyansa, ya kama ta da haƙori, ya zare farfela, ya sa, ya ɗaure, ruwa na dukan fuskarsa, yatsansa na zubar da jini. Ba a yi minti huɗu ba suka ci gaba.

Suka tarar da mutane sun maƙale a jikin jirgin da ya kife, wasu sun rungumi buhu. Aka jefa riguna, aka jawo su, aka yi sawu biyu zuwa wani tudun yashi da ke kusa. Ɗantani ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Baba, sha uku ne," ya ce. "Inna Kande ba ta nan."

Inna Kande ita ce ungozomar garin. Rabin mutanen da ke kan tudun nan a hannunta suka faɗo duniya.

Suka koma wurin jirgin da ya kife, Haladu ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa Baba bakinta, ya sa wuƙa a baki ya nutse ƙarƙashin jirgin. Ruwan ja ne kamar kunu, ba a ganin ko tafin hannu. Ya fito ba komai. Ya koma, ya fito yana tari, goshinsa a fashe. Baba ya riƙe igiya ya ce, "Haladu, ya isa. Ba zan kai wa uwarka gawa ba."

"Na taɓa hannu, Baba. Wallahi na taɓa hannu. Sakar min."

Baba ya saki. A nutso na uku Haladu ya daɗe har Baba ya fara jan igiya yana kiran sunan Allah. Ashe tsohuwar ta samu 'yar iska a ƙarƙashin jirgin ta ɗaga hanci tana shaƙa har ta ƙare, zanenta kuma ya naɗe a ƙafar babur. Haladu ya laluba ya yanke zanen, ya rungumo ta ya fito, shi kansa sai da aka jawo shi kamar buhu.

Aka shimfiɗa ta a kan yashi. Ba numfashi, leɓɓanta sun yi shuɗi. Mata suka fasa kuka. Ɗantani ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, wani malami da ke cikin fasinjoji ya fara addu'a. Uwani ta ratsa su ta yaye rigar.

"Ke Uwani, ki ji tsoron Allah," in ji malamin. "Ki bar baiwar Allah ta huta."

"Malam, ka ci gaba da addu'arka, ni ma bari in yi nawa."

Ta share mata baki, ta hura mata iska, ta ɗora hannu a ƙirji tana dannawa tana ƙirgawa da ƙarfi. Talatin, ta hura. Talatin, ta hura. Wani ya kama kafaɗarta, Baba ya daka masa tsawar da bai san yana da sauran irinta ba. Ta ji ƙashin haƙarƙari ya yi ƙas a ƙarƙashin hannunta, hawaye ya zubo mata, ba ta tsaya ba. Ana cikin haka sai Inna Kande ta yi wani irin tari, ruwa ya bulbulo ta baki da hanci. Uwani ta juya ta gefe. Malamin ya zube a yashi yana kabbara.

Kwana tara Inna Kande ta yi a asibiti ta dawo da ƙafarta. Ba a rasa rai ko ɗaya ba a ranar. Garuruwan bakin kogi suka riƙa turo matasansu Tungar Kalla su ga yadda ake yi, Baba Shekarau kuwa tafiyarsa ma ta sake, har sandarsa yake mantawa a ofis.

To, 'ya'yan Inna Kande masassaƙa ne. Bayan kaka suka sassaƙa sabon jirgi, dogo, mai faɗin ciki, suka kawo wa ƙungiya kyauta. A al'adar wurin, suna ɗaya ake rubutawa a goshin jirgi. Tsohuwar ta zo da kanta ta ce, "Malam Shekarau, ni ban ga komai ba, a sume nake. Kai ka gani. Wanda ya ceci raina, sunansa nake so a rubuta."

Nan gari ya rabu uku. Masu fito suka ce Mudi, don da ba shekarun da ya yi yana lallashin injin nan da ƙusar da ya tanada, da ba wanda ya isa wurin, kuma ba Inna kaɗai ba, duk sha huɗun ya ceta. Masunta suka ce Haladu, don shi kaɗai ya sa ransa a kan layi, ya koma ruwa bayan an ce ya bari. Mata suka ce abin da Haladu ya fito da shi har an lulluɓe shi, Uwani ce ta ƙi yarda, ta yi ta yi har Allah ya dawo da numfashi ta hannunta. Aka tambayi su ukun. Mudi ya ce shi a bar shi ya duba inda za a ɗaura inji. Haladu ya yi dariya ya tafi kogi. Uwani ta ce tana da ɗinkin mutane.

Baba Shekarau ya zagaya jirgin yana shafa katakonsa, ƙirjinsa cike, yana jin duk kogin nan ba wanda ya kai shi arzikin mutane. Mai fenti na tsugune da gwangwaninsa a buɗe, yana jiran a faɗa masa harafin farko.

To, ku da kuka ji yadda aka yi tun daga farko: tsakanin Mudi da Haladu da Uwani, sunan wa ya kamata a rubuta a goshin jirgin nan?