Rigar da Ta Raba Jatau da Igiyarsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don jikokin masu laifin suna nan da ransu. Sunansa Jatau, sana'arsa yasar rijiya. Ku saurara. Ke mai goyo, nemi wuri ki zauna, maganar ba daɗi gare ta ba amma sai na faɗe ta.

A wancan zamani famfo bai shigo ba, rijiya ita ce ran gida. In rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, guga ya fara ɗebo laka, sai a ce a kira Jatau. Zai zo da igiyarsa a kafaɗa, ya tuɓe riga ya rataye a danga, ya rage daga shi sai gajeren wando, ya yi bismilla a zura shi. Can zai yini cikin duhu da sanyi, yana cika guga da taɓo ana ja. Kaza ta faɗa ta ruɓe, Jatau. Akuya ta faɗa, Jatau. Bai taɓa yanka wa kowa lada ba, abin da ka miƙa masa shi ke nan, wani kwanon dawa, wani ƙwaryar gero. Rijiyar masallaci kuwa, da ta matan da mazansu suka rasu, ko goro ba ya karɓa. Da igiyar nan ya ci da matarsa Tabawa, da ita ya aurar da 'ya'yansa mata can nesa. Allah bai ba shi namiji ba.

Ana nan sai manyan garin, 'yan kasuwa da ma'aikata, suka kafa ƙungiyar ci gaban gari. Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun yi aiki. Sun gyara kwata, sun kewaye maƙabarta. Sai suka ce yabon gwani ya zama dole, duk shekara za su tara jama'a su karrama masu sana'ar da suka yi wa gari hidima. Suka zaɓi tela, suka zaɓi maƙeri, suka zaɓi ungozoma. Shugabansu, Alhaji Maiwada, ya ce babbar lamba ta Jatau ce, don tun shi Alhaji yana yawo ba wando Jatau ke yashe rijiyar gidansu.

Da saƙo ya iso, Jatau ya ce, "Ni me na yi? Taɓo na kwasa."

Tabawa ta ce, "Malam, tashi ka je. Kullum kana rami, yau dai a gan ka a sarari."

Ya je. An kafa rumfuna, an jera kujeru, ga lasifika, ga makaɗa. Aka sa masa farar babbar riga da hula, aka danƙa masa garkuwa ta katako mai ƙyalli. Ya tsaya yana kallon ƙasa, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Alhaji Maiwada ya karɓi abin magana, daɗin tafi ya kwashe shi, ya ce, "Jama'a ku shaida! Daga yau Baba Jatau uban ƙungiya ne, uban gari ne, ubanmu ne. Ya gama shiga rijiya, mu 'ya'yansa muna raye!"

Wuri ya ɗauki sowa. Tabawa ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe. Ku riƙe wannan magana ta Alhaji, ita ce ta kashe shi.

Rani ya zagayo. Jatau ya fito da igiyarsa ya zauna a ƙofar gida kamar kullum. Mutane suna wucewa, kowa ya rusuna. "Baba, barka da hutawa." "Baba, a sa mana albarka." Mutumin da a da ake ƙwala masa kira daga bakin hanya, yau har ƙasa ake gaishe shi. Amma babu wanda ya ce Baba, zo ka duba mana rijiya. Wa zai ɗaura wa ubansa igiya a ƙugu ya zura shi rami? Wa zai tsaya a sama yana kallon uban gari da gajeren wando? Kunya ta hana su. Sai suka koma ɗauko baƙi daga ƙauyuka, a shigo da su ta ƙofar baya, kada Baba ya gani ransa ya ɓaci.

To, wa ke ci da shi? Mutanen gari sun ɗauka ƙungiya ce. Ƙungiya ta ɗauka mutanen gari ne. Ba wanda ya leƙa.

Rumbu ya yi ƙasa. Tabawa ta ɗauki taɓarya ta shiga maƙwabta neman dakau. Aka shimfiɗa mata tabarma aka ce, "Haba Inna, matar uban gari ta yi mana daka? Ai sai duniya ta zage mu." Ta dawo hannu rabbana. Tukunya ta fara kwana ba ta hau murhu ba.

Da abin ya ishi Jatau, ya sa rigar nan ya nufi gidan Alhaji Maiwada. Ya tarar da zaure cike da mutane. Aka miƙe masa, aka ba shi darduma, aka kawo fura mai sanyi. Ya kurɓa kaɗan ya ajiye, don babban baƙo ba ya shanye ƙwarya, alhali tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Yana zaune sai ya ji wani sauti ta bayan katanga, ƙarar igiya tana goga itacen bakin rijiya, da murya daga can ƙasa tana cewa, "Ja!" Rijiyar da ya san kowane lungu nata, wani ne a ciki.

Ya ce, "Alhaji, ashe yasa ake yi."

Alhaji ya sosa ƙeya. "Wasu baƙi ne, Baba. Ɗan ƙaramin aiki ne, bai kai a tashe ka ba."

"Roƙo na zo yi. A sauke mini ubancin nan. A bar ni in koma Jatau."

Zaure ya fashe da dariya, an ɗauka raha ce irin ta tsofaffi. Alhaji ya ce, "Baba ke nan! Abin da aka faɗa a lasifika? Sai a ce ƙungiya ta yi amai ta lashe. In na zura ka a rijiya, gobe da wane ido zan dubi jama'a?"

"To a bar ni in riƙe igiya a sama."

"Allah Ya kiyaye. Ko dai akwai wata damuwa ce a gida?"

Ku ji tambaya don Allah. A gaban zaure cike! Wane dattijo ne zai buɗe baki cikin mutane ya ce yunwa? Jatau ya dubi Alhaji, ya dubi baƙinsa. Ya san kalma ɗaya in ya furta, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Maiwada ya bar ubansa da yunwa. Ya haɗiye ta. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Sai alheri."

"Madalla," in ji Alhaji, ya raka shi har bakin hanya.

Da ya faɗa wa Tabawa yadda aka yi, ta tashi tsaye tana ɗaura ɗankwali. "Kai ka iya kunya, ni ban iya ba. Ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa da bakina."

"Ba za ki je ba. Mutumin da ya kira ni uba a gaban jama'a, ba zan tsiraita shi a gaban jama'a ba. Ba mugunta suka nufa ba."

"Rashin muguntar tasu za mu dafa?"



Ku ji abin da bawan Allahn nan ya koma yi. Sai ya sa farar rigarsa ya fita gari, igiya a cikin buhu, ana gaishe shi, "Baba, sai ina?" ya ce zumunci. In ya yi nisa, ya tuɓe rigar ya ninke, ya shiga ƙauyukan da ba a san shi ba yana neman yasa, kamar sabon shiga. In ya samu ɗan hatsi ya juyo, kafin ya shigo gari ya mayar da rigar, don kada a gane, ƙungiya ta ji kunya. Tsoho ne, ga yunwa ta ci jikinsa, ga rijiyoyin da bai san halinsu ba.

Wata rana a wani ƙauye mai ƙasar rairayi, aka zura shi wata tsohuwar rijiya. Yana ƙasa bango ya rufta. Mutanen sun yi haƙa iya ƙarfinsu, suna kwashewa yashi yana dawowa, har limaminsu ya ce a haƙura kada a rasa wasu. A bakin rijiyar suka yi masa salla, suka cike ta. Ko likkafani bai samu ba. Sai da suka bi ƙauye ƙauye suna tambaya kafin su gano daga inda yake.

Ƙungiya ta zo gaisuwa da manyan riguna, ana sauke buhunan shinkafa a ƙofar gida. Tabawa tana takaba, ta yi magana daga bayan zana.

"Alhaji Maiwada, wannan shinkafa ta mece ce?"

"Ta sadakar Baba ce, Inna."

"Ashe kun san hanyar gidan. Ashe kun san ana cin abinci a cikinsa."

 Aka shafa fatiha aka watse. Da ta gama takaba ta tattara ta koma wurin 'yarta, ba wanda ya bi sawunta. Shekara na zagayowa aka sake kafa rumfuna, aka yi wa marigayi uban gari addu'a a lasifika, aka karrama wani.

Shi Jatau ba na jin tsoro a kansa. Na ji malamai na cewa wanda gini ya rufta wa ya yi shahada, ga haƙuri, ga rufa asirin wanda ya cuce shi. Tsorona a kanku yake. Yabon da ya raba mutum da abincinsa zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Wanda ka ɗaga sama ka saki hannu, ba girmama shi ka yi ba, kayar da shi ka yi.

Na ji mazajenku suna shirin irin wannan biki, kuna ta ɗinkin anko. Ku je ku faɗa musu. Mai wankan gawa da mai sharar kasuwa da za su kira gaban jama'a, in suna son su, su ba su aiki, kada su karɓe na hannunsu. In sun ce uba, to uba ci yake yi. Waɗanda aka karrama bara da bara waccan, wa ya leƙa su? Kada ku tare su a hanya ku ce ko akwai damuwa, Alhamdu lillahi za su ce, haka aka rene su. Ku shiga gidan. Ku wuce zaure, ku wuce gaisuwa, ku je murhu ku sa hannu cikin toka. In kun ji ta da sanyi, ku sani Allah zai tambaye ku, kuma ranar ba a tafi.