Gwangwanin da Ya Yi Kumfa

An yi wani mutum da yake aiki a kamfanin turaren fesawa, irin na gwangwani. Aikinsa ba na ƙarfi ba ne, na ido ne. Duk gwangwanin da aka cika da turare da iskar gas, sai ya bi ta cikin wani dogon kwami na ruwan zafi kafin a sa shi a kwali. Shi kuma yana zaune a gefe yana kallon ruwan. Gwangwani lafiyayye zai wuce shiru. Mai yoyo kuwa sai ya riƙa fitar da kumfa, 'yan ƙanana, tamkar kan allura.

Da ya ga kumfa sai ya tsame gwangwanin, ya kai shi wani kejin waya da ke can bayan kamfani, a fili, inda iska ke kaɗawa. A can ake tara su har masu lalatawa su zo. Makullin kejin yana hannunsa. Amana ke nan, ya 'yan uwa!

Wata rana ya tsaya a bakin kejin, ƙamshi ya buge shi. Sai ya ce a ransa, wannan ai asara ce. Ya jefa guda a aljihu. Washegari ya zo da jaka.

Kada ku zaci sayarwa yake yi. A'a! Kyauta yake yi da su. Maƙwabci ya samu, mai aski ya samu, surukai sun samu. Ba a daɗe ba unguwa ta raɗa masa suna Mai Ƙamshi. In ya taho, tun daga nesa ake ɗaga masa hannu ana cewa, "Mai Ƙamshi, hannunka ba ya rufuwa!" Shi kuma sai ya sunkuyar da kai wai shi mai tawali'u, alhali zuciyarsa tana rawa. Kun ga yadda Shaiɗan ke yi? Ya sa shi cin amana, ya kuma lulluɓe masa ita da rigar kyauta.

Abin da yake kwasowa ya fi abin da yake rabarwa. Sai ya riƙa jibge su a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, bango ɗaya da ɗakin mahaifiyarsa, tsohuwar da ciwon ƙafa ya zaunar. Gidan duka ya ɗauki ƙamshi, har ruwan sha.

Matarsa ta ce, "Maigida, kaina fa ciwo yake. Jiya na yi miya, yara suka ce sabulu na zuba."

Ya yi dariya ya ce, "Wasu matan kuka suke ba a saya musu turare, ke kuma an mai da gidanki shago kina ƙorafi."

Tsohuwa ma ta kira shi. Ta ce, "Kai, wannan kaya haka, ba ka ake yi ko ɗauka kake yi?"

Ya ce, "Haba Inna, na zubarwa ne."

Ta ce, "To, in na zubarwa ne, me ya hana a zubar?"

Ya gyara mata matashi ya fita.

Bari in tsaya in bayyana wani abu, don shi ne ƙashin labarin. Iskar da ke turo turare daga gwangwani 'yar uwar iskar girki ce, wuta take ci. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka ba ta tashi sama, kwanciya take yi a ƙasa tana taruwa. Zafi kuma yana ƙara mata ƙarfin fita. Shi ya sa ake ajiye masu yoyo a fili. Mutumin nan ya san wannan sarai, an koya masa tun ranar da ya kama aiki. Abin da ya cece shi duk tsawon lokacin nan shi ne tagar ɗakin da ya jibge kayan a buɗe take, ƙasan ƙofa kuma akwai rata.

Sai ga wata safiya Manajan kamfani ya tare shi, ya ce, "Na ji jikin Inna ya matsa. Gobe ba aiki, zan zo in duba ta da rana."

Manaja ya san ƙamshin kayansa yadda uwa ta san kukan ɗanta. In ya shigo gidan nan, magana ta ƙare.

Ya 'yan uwa, nan fa Allah ya buɗe masa ƙofar tuba. Da ya kwashe kayan ya mayar, ya faɗi gaskiya, ya sha kunyar yini guda, da an wuce wurin. Amma me ya yi? Da gari ya waye ya rufe tagar ɗakin, ya liƙe ta da kwali da leda. Ya cusa tsohon bargo a ƙasan ƙofa. Ya toshe kowace kafa, ya tura yara gidan ƙanwarsa don kada bakinsu ya suɓuce, ya sa aka wanke tsakar gida. Ya shaƙi iska ya ji wayam. Har hamdala ya yi!

Rana ta take, kwano ya ɗauki zafi. Manaja ya iso, ya zauna a ɗakin tsohuwa, ana gaisawa ana raha. Tana cewa, "Yallaɓai, yaron nan dai yana riƙe muku aiki da kyau ko?" Manaja ya ce, "Inna, ai idonsa muke gani da shi."

A daidai nan Mai Ƙamshi ya ji wani sauti ta bango. Sssss. Wani gwangwani ne zafi ya matsa wa. Ya dubi Manaja, ya ga kamar shi ma ya karkata kunne. Ya miƙe zumbur ya ce, "Yallaɓai, ina zuwa."

Ya je ɗakin kayan, ya ja bargon, ya shige, ya turo ƙofa da sauri don kada ƙamshi ya fita. Ciki duhu, tunda shi da kansa ya liƙe taga. Ƙamshi ya shaƙe shi har idonsa na hawaye. Hannunsa ya tafi bango yadda ya saba, ya danna makunnin fitila.

Ɗan tartsatsin da ke cikin makunni, wanda ido ma ba ya gani, shi ke nan.

Inna lillahi! Ƙara ta tashi, rufi ya ɗaga, ƙofa ta yi waje da shi. Gwangwanaye suka shiga fashewa suna tashi sama, suna faɗawa gidajen mutane da wuta a jikinsu. Bangon ɗakin tsohuwa ya tsage, hayaƙi ya cika shi. Matar Mai Ƙamshi tana ihu, "Inna! Inna tana ciki!" Wa ya fito da ita? Manajan nan da ake ɓoye wa kaya, shi ya goyo ta a bayansa, rigarsa na ci da wuta. Ya sauke ta a titi, sai ga gwangwani ya gangaro ya tsaya a ƙafarsa, da tambarin kamfaninsa a jiki. Ya tsaya yana dubansa.

Kafin 'yan kwana-kwana su shawo kan wutar, gidan ya tafi, ya haɗa da shagon maƙwabcin da ya fi kowa yi masa kirari.

Mutumin bai mutu ba. Ya daɗe a asibiti, ya fito da hannuwa a ƙandare. Aiki ya tafi, sunan ma ya zama abin da yara ke tsokanarsa da shi. Tsohuwa ta koma gidan ƙanwarsa. Da ya je ya durƙusa a gabanta, abin da ta ce kawai shi ne, "Na tambaye ka."

Wutar kuma ta ƙona masa cikin hanci. Har yau ba ya jin ƙamshin komai.

Ya 'yan uwa, me aka ba ku ajiya? Makullin wane keji ne a aljihunku? Kyauta da kayan amana ba kyauta ba ce, sata ce ta yi wanka. Dokar da aka kafa a wurin aiki don tsare rai, kiyaye ta yana cikin amana. Kuma ku lura da kyau: muddin taga tana buɗe, Allah yana ta yi masa jinkiri. Ranar da ya toshe kowace kafa don kada mutum ya sani, ya manta da Wanda ya riga ya sani, ranar ce wuta ta tashi.

Allah ya ba mu ikon tuba tun taga tana buɗe. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyayenmu daga abin da hannuwanmu suka ɓoye. Amin.