Dalilin da ya sa ake yayyafa wa goro ruwa

Dalilin da ya sa mai goro ba ya rabo da ruwa a gefen huhunsa, ga shi nan. Kai Ɗanlami, bar tsokanar ƙanwarka ka matso.

A can da, lokacin da itatuwa ke magana suna kuma tafiya, Goro da Dabino a lambu ɗaya suke, na wani tsoho mai suna Nomau. Shi ya shuka su, yana ji da su kamar 'ya'yan cikinsa. Sai dai hali ya sha bamban. Damina na sauka Dabino zai hau mita: "Baba, ruwan nan zai ruɓar min da 'ya'ya!" Nomau ya hau da zana ya rufa masa. Rani na shiga Goro ya langaɓe: "Baba, ƙishi!" Nomau ya yi ta jigilar ruwa daga rafi.

Ana nan har ƙarfin Nomau ya ƙare. Wata rana ya ɗauko tulu, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, ya faɗi, tulun ya fashe. Tsoro ya kama shi, don ya gane ran da ya kwanta ciwo, duka biyun mutuwa za su yi.

Ya kira su ya ce, "Kowa ya tafi inda ƙasa za ta riƙe shi ba sai da ni ba. Dabino, yi arewa, wajen rairayi. Goro, yi kudu, cikin kurmi."

Dabino, da ma idonsa a bushe yake, ya ce, "To Baba, a yafe mu," ya kama hanya. Goro kuwa ya fashe da kuka.

"Baba, shi ke nan mun rabu?"

"In kana ƙaunata, ka riƙa turo min 'ya'yanka in gan su."

"Ai ba za su jure zafin nan ba, bushewa za su yi a hanya."

Nomau ya ce, "A naɗe su cikin ɗanyen ganye. In sun iso zan riƙa yayyafa musu ruwa, su zaci suna gida."

Shekara na zagayowa sai ga fatake da huhun goro daga kudu, ga raƙuma da buhun dabino daga arewa. Kuma wane irin 'ya'ya! Ba su taɓa yin irinsu a lambunsa ba. Daɗi ya rufe tsoho, ya zuba su a faranti ɗaya, ya kira maƙwabta aka yi ta ci.

Shi ya sa har yau ake yayyafa wa goro ruwa. Wanda ya manta kuwa, goron zai farga cewa baƙo ne, ya yamutse fuska ya bushe.