Ƙwan Jemage

Jama'ar wannan shafi, yau da ɓacin rai na zo muku. Tun da aka gina ganuwar Zazzau ba a taɓa ci wa bawan Allah mutunci irin yadda aka ci mini jiya ba. Na ce wa mutane yau Talata, sai da mutum uku suka zaro waya suka duba. Ni, da furfurata!

Bari dai in ba ku wani labari, ko zuciyata ta yi sanyi.

Akwai wani mutum a unguwar Limancin Kona mai suna Isma'ila. Farfesa ake ce masa, ko da yake jami'a ta tagar mota kawai ya santa. Dogo ne, mai kwarjini, ya iya karya hula, ga murya kamar ta gidan rediyo.

Kullum bayan la'asar majalisar ƙofar gidansa cika take yi, don yana da labarin komai. Shi ya gaya musu tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba. Shi ya ce ƙashin wuyan raƙumin dawa bakwai ne, daidai da na mutum, kuma kakanninmu da kuɗin wuri suke cefane. Duk gaskiya ne.

Sai dai yana da wani hali. In ya faɗi biyu na gaskiya, na ukun sai ya ƙera shi nan take. Ba don komai ba, sai don daɗin ganin dattawa suna gyaɗa kai suna cewa, "Ikon Allah!"

A majalisar akwai Malam Labaran, malami a wata 'yar firamare mai zaman kanta, mai 'ya'ya biyar. Shi ba ya musu. Da littafi yake zuwa, duk abin da Farfesa ya faɗa sai ya rubuta. Shekara shida a haka.

Ana nan aka kira shi tantancewar ɗaukar malamai aikin dindindin. Wannan ce damarsa ta ƙarshe, don baɗi shekarunsa za su wuce na ɗaukar aiki.

Ana gobe zai tafi ya ce, "Farfesa, dabbobi masu ƙwai aka ba ni in koyar a gaban masu tantancewa. Ƙara mini abin da zai burge su."

Kowa a majalisa ya zuba ido. Kaza da kada kowa ya sani, a ina Farfesa zai nuna shi Farfesa ne? Ya gyara hula.

"Sa jemage. Sau ɗaya yake ƙwai a shekara bakwai, shi ya sa ba wanda ya taɓa gani."

"Ikon Allah!" in ji dattawa. Labaran ya rubuta.

Washegari yana cikin koyarwa, shugabar masu tantancewa, Hajiya Sa'ida, ta cire tabarau.

"Malam, jemage haihuwa yake yi, har ya shayar. Wa ya gaya maka wannan?"

"Farfesa Isma'ila, ranki ya daɗe."

"Na wace jami'a?"

Labaran ya ce, "Na Limancin Kona."

Har mai riƙon ƙofa sai da ya dara. Da sunaye suka fito, babu nasa.

Ran nan bayan la'asar ya zo majalisa da littattafai huɗu, ya ajiye a gaban Farfesa. Bai yi zagi ba. Da ma zagin ya yi, da ya fi sauƙi.

"Yaya Isma'ila, aiki ya wuce, haka Allah ya so. Amma shekara shida ina koya wa 'ya'yan mutane abin da ke cikin nan. Ga biro. Ja mini layi a ƙarƙashin na ƙarya kawai, in je in gyara wa waɗanda zan iya samu."

Farfesa ya buɗe shafin farko. Ya buɗe na goma. Wallahi bai iya rabewa ba. Dukkansu da murya ɗaya ya faɗe su, kuma ya maimaita su har shi ma ya yarda.

Labaran ya jira har aka kira magariba, ya kwashe littattafansa ya tafi. Har yau yana waccan firamaren, kuma ya daina koya wa yara komai sai abin da ke cikin littafin manhaja.

To, na ga wasunku sun fara murmushi. I, ni ne. Ni na ce a sa jemagen. Biron Labaran ma yana aljihuna, na rasa fuskar da zan mayar masa da shi.

Darasi: Ƙarya ɗaya a cikin gaskiya biyu, duka ukun take ruɓarwa, kuma sau da yawa wanda ya fi yarda da kai shi take kayarwa. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman Farfesan majalisarku, tun yana iya tuna abin da ya ƙera.