Kabejin da Bai Ƙulla Kai Ba

"Wai shi kabejin nan na amaryarku, yaushe zai ƙulla kai?"

Wata maƙwabciya ce ta yi wa tsohuwar gidan tambayar nan a bakin rijiya. Amaryar kuwa tana bayan danga tana wanke-wanke, duk ta ji.

Gida ne na manoman kabeji, a wata ƙasa mai duwatsu da sanyi. Ɗan gidan ya auro mace mai kunya, marar yawan magana. Cikin kayanta akwai ɗan ƙullin iri da mahaifiyarta ta ba ta kafin ta rasu, irin kabejin ado, wanda ake shukawa domin kallo. Ta rene shi a tsohon kwano, ta dasa a bayan ɗakinta, tana zuba masa kashin kaji. Kabejin gona ya naɗe, ya yi kai. Nata kuwa sai buɗe ganye yake yi, kore shar.

Surukar ta ce wa maƙwabciyar, "Bari kawai. Ya ci taki ya sha ruwa, ya zauna yana baje ganye kamar faifai. Ana gama girbi zan sa a tumɓuke shi mu dasa albasa."

Amarya ta san sai sanyi ya kama shi yake fito da launinsa, amma bakinta ya yi nauyi. Da yamma ta je ta durƙusa gaban surukarta.

"Mama, kabejin nan..."

"Me ya same shi?"

"Ba kome, Mama. Na mahaifiyata ne."

Ta tashi da sauri. Tsohuwa ta bi ta da kallo.

Girbi ya wuce, ba a tumɓuke ba. Sanyi ya shigo sosai, sai tsakiyar kabejin ta soma sauya launi, wani shunayya, wani fari kamar madara. Amma tsutsa ta faɗa wa ganyen.

Wata safiya amarya ta fito, ta hango surukarta a tsugune duk da ciwon gwiwarta, tana juya ganye tana tsince tsutsa cikin gwangwani. Ta ji tana cewa a hankali, "Ashe abin da kika bar mata ke nan. Ki huta, baiwar Allah. 'Yarki tana hannuna."

Da rana maƙwabciyar ta zo tana yabawa, tsohuwa ta taɓe baki ta ce, "Ado ne kawai, ko miya ba a yi da shi."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, ba dukanmu Ubangiji ya shuka domin tukunya ba. Wani ya ƙulla kai ya ciyar da gida, wani kuma kyautar da Allah ya sa a zuciyarsa ba ta bayyana sai sanyin wahala ya taɓa shi. Kada mu yi saurin tumɓuke ɗan'uwa don bai yi kama da mu ba. Haka kuma akwai masu ƙauna da hannu, bakinsu na faɗa. In kun ga irinsu a tsugune, kada ku kunyata su.

Ita ma amaryar ta so ta ba mijinta labarin abin da ta gani da safe. Har ta buɗe baki, sai ta fasa. Ta dafa ruwan zafi ta kai wa Mama domin gwiwarta, ta ƙudura a ranta ba wanda zai ji.